Yadda Ake Kiyaye Haƙƙin Masu Zane Idan An Sarrafa Zanensu a Wasan Kwamfuta

Mai haɗa wasan kwamfuta ko na waya wanda ba shi da halin ɗaukar mai zane yakan dogara ga rumbunan intanet irin su OpenGameArt, wanda aka buɗe a 2009, inda masu zane ke ajiye aikinsu domin kowa ya amfana. Ba a biyan kuɗi, amma galibin zanen na ɗauke da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan ba sa gushewa don ka sauya launin riga ko ka ƙara wa jarumi takobi.

Matakin farko shi ne ka buɗe fayil ɗin rajista tun ranar da ka sauke zane na farko. Ga kowane zane ka rubuta sunansa, da sunan da mai shi ya zaɓa a kira shi da shi, da adireshin shafin, da lasisin tare da lambarsa, sannan ka adana hoton shafin. Lasisin Creative Commons (CC a taƙaice), wanda da shi mai aiki ke ba kowa izinin amfani da aikinsa bisa sharuɗɗa, ba ya warwaruwa a kan wanda ya riga ya karɓi aikin, amma idan mai zanen ya goge shafinsa, wannan hoton ne shaidarka.

Na biyu, ka karanta lasisin kafin ka taɓa zanen. CC0 bai ɗora maka wani nauyi ba, kuma a kansa ɗakin zane na Kenney da ke Holan yake sakin kayansa. CC BY yana neman a ambaci mai aikin. CC BY-SA yana ƙara sharaɗin cewa abin da ka sarrafa ya fita da irin wannan lasisin, domin wani ya samu damar da ka samu. Alamar NC ta hana kasuwanci da aikin, ita kuwa ND ta hana rarraba abin da aka sauya, saboda haka zane mai ND ba shi da amfani ga wannan aiki.

Mataki na uku ne ya fi bukatar natsuwa, wato duba ko lasisai za su zauna tare a cikin zane guda. Idan ka haɗa CC BY da CC BY-SA, sakamakon zai bi na biyun, tunda shi ya fi tsauri. Amma CC BY-SA da CC BY-NC-SA ba sa haɗuwa, domin kowannensu yana tilasta a fitar da sakamakon da nasa sharaɗin, alhali ɗaya ya halatta ciniki ɗaya ya haramta. Lambar lasisi ma tana da nauyi: abin da aka sarrafa daga BY-SA 3.0 ana iya fitar da shi a kan 4.0 na shekarar 2013, amma ba a komawa baya. Tun 2015 an amince a mayar da abin da aka sarrafa daga BY-SA 4.0 zuwa GPL 3, wato lasisin manhajojin da kowa ke da 'yancin sarrafawa da rarrabawa, ba tare da an yarda da akasin haka ba.

Kayan gasar zane da haɗa wasanni ta Liberated Pixel Cup ta 2012 sun nuna girman lamarin. An sake su a kan CC BY-SA 3.0 da GPL 3, kuma daga baya mutane da dama sun yi ta ƙara gashi da tufafi da makamai a kan jikin asali. Saboda haka jarumi ɗaya tak yana iya ƙunsar aikin hannaye masu yawa, kuma kowanne yana da haƙƙin a ambace shi. A ganina, ambaton wanda ya ɗora zanen a ƙarshe kaɗai tauye haƙƙi ne ga waɗanda suka aza tubalin.

Idan za ka kai wasan shagon da ke kulle fayiloli, ka tuna cewa lasisan Creative Commons sun hana sanya makullin fasaha da zai toshe wa mutane damar da lasisin ya ba su. Wannan ne ya sa OpenGameArt ya samar da nasa lasisin mai suna OGA-BY, wanda ya cire wannan sharaɗi. Idan zanen ba a kan OGA-BY ko CC0 yake ba, ka nemi izinin mai shi a rubuce.

Daga nan sai rubuta ambaton. Ya ƙunshi sunan aikin da mai shi da inda aka samo shi da lasisinsa, tare da bayanin abin da ka sauya, kamar haka: "Zanen kaza na wane, daga shafi kaza, bisa CC BY-SA 4.0, an sauya launi, an ƙara motsin gudu." Ka sa shi a allon godiya na cikin wasan, ka kuma sa kwafi a cikin kundin fayilolin, ba tare da ka nuna kamar mai zanen ya goyi bayan wasanka ba. Idan aka ankarar da kai cewa ka tsallake wani, lasisin 4.0 ya ba ka kwana 30 daga ranar da ka sani ka gyara, izininka da ya faɗi saboda saɓa sharaɗin ya dawo kai tsaye, amma 3.0 ba shi da wannan sassauci, sai mai zanen ya sake ba ka izini.