Babi na 4: Kwalara da Haɗin Ruwan Gishiri da Sukari

Darasi na 1

Bakteriya ƙwayoyin halitta ne ƙanana da ido ba ya gani. Wasunsu ne ke kawo kwalara, taifot da tarin fuka. Kwalara, wato amai da gudawa, tana shiga ciki ta ruwa ko abincin da kashin mai ciwon ya taɓa, musamman da damina, lokacin da ruwa ke kwaso ƙazanta ya zuba a rijiya. Gudawarta fara ce kamar ruwan wankin shinkafa. Ƙarewar ruwan jiki ke kashe mutum, wani lokaci cikin 'yan sa'o'i.

Darasi na 2

Ga yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari don mayar da ruwan jikin da ya ƙare. Ku wanke hannu da sabulu. Ku auna lita 1 ta ruwan da aka tafasa ya huce. Lita 1 daidai take da leda biyu ta fiya wata. Ku zuba sukari cokalin shayi 6, gishiri rabin cokalin shayi, ku juya.

A nan ake tuntuɓe, don haka mu sake. Sukari shida, gishiri rabi. Cokalin shayi shi ne ƙaramin, ba na cin shinkafa ba. In kun ɗebo, ku shafe kansa, kada ya yi tozo. Wanda bai riƙe ba kada ya ji kunya, mu faɗa tare: sukari shida, gishiri rabi. Ku ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri.

Haba 'yan uwa! Sau nawa zan faɗa? Har yanzu a aji ina ganin masu ɗibar gishiri da hannu kamar za su yi miya. Gishirin da ya yi yawa illa yake wa yaro. Rabin cokali na ce, rabi.

A ba marar lafiya kurɓi-kurɓi. In ya yi amai, a jira minti 10 a ci gaba. Mai shayarwa kada ta daina ba da nono. A riƙa ba marar lafiya haɗin har a kan hanyar asibiti. Ragowar da ta kai awa 24 a zubar.

Darasi na 3

Tarin da ya wuce mako biyu, a je gwajin majina. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitin gwamnati, wata 6 ake sha, ko da an ji sauƙi.

Darasi na 4

Taifot: a tafasa ruwan sha, a rufe abinci daga ƙuda.