Yadda ake gina ƙasar matuƙa jirgin ruwa don wasan labari na kan tebur

Duk Asabar bayan la'asar mu biyar muke haɗuwa a shagon gidanmu, mu baza taswira a kan tabarma, mu yi wasan labari irin na Dungeons & Dragons, wanda ya fara fitowa a Amurka a 1974. Ni ne mai jan labarin, sauran huɗun kowa da gwarzonsa, ɗan lido mai fuska 20 kuma shi ke raba gardama. Da na tashi ƙirƙiro musu ƙasar mutanen teku, sai na share mako uku ina zana tsibirai, ina jera sunayen sarakuna har goma sha biyu. Ranar farko, jirgi bai ko bar gaɓa ba ƙanwata ta ce, "Yaya, ruwan sha fa, a ina za mu ɗiba?" Ba ni da amsa. Abin ya dame ni ƙwarai, domin na gane ƙasar da na zana ba wanda zai iya kwana biyu a cikinta.

Don haka fara da abin da mutanenka suka rasa. Ba wanda ke jefa ransa cikin teku don marmari, rashi ne ke kora shi. Dubi tsibiran Maldib da ke tekun Indiya. Ƙasarsu ba ta noman shinkafa, amma Allah ya ba su wuri, wato ɗan ƙwanson tekun nan da aka yi kuɗi da shi, a da suna jefa ganyen kwakwa a ruwa ya manne, su kwashe su kai Bangal su musanyo shinkafa. Matafiyin nan ɗan Maroko, Ibn Battuta, ya yi alƙalanci a can a ƙarni na 14, ya ga cinikin da idonsa. Wurin nan ne ya ratso duniya har ya zama kuɗin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi. Ni ma sai na ba tawa ƙasar, Gungu Tara, gishiri da busasshen kifi har sun yi mata yawa, na hana ta hatsi da katako, rijiyoyin ruwan daɗi kuma uku kacal na bar mata. Nan take rigima ta samu: wa ke riƙe da rijiya, wa ake bi bashin gero, wace ƙasa ce in ta rufe dajinta jiragen Gungu Tara za su ruɓe ba gyara.

Daga nan sai iska, kuma a nan nake so ka daɗe. Jirgin da iska ke turawa ba ya tafiya sa'ad da matuƙi ya ga dama. A gaɓar Afirka ta gabas, iskar da Waswahili ke kira kaskazi tana kaɗowa daga arewa maso gabas tun wajen Nuwamba zuwa Maris, a da ita ke kawo jiragen Oman da Indiya zuwa Mombasa da Zanzibar. In iskar da suke kira kusi ta juyo daga kudu wajen Afrilu, sai a kama hanyar gida. Wanda ya makara, ya zauna ke nan wata da watanni a garin mutane, ya nemi maigida da dillali, wani ma ya yi aure. Rubuta wa ƙasarka iska biyu, ka sa musu suna, ka yanke watannin kowace. Bukukuwa, lokacin biyan bashi, lokacin yaƙi, duk za su biyo baya da kansu. A wajenmu 'yan wasa sun taɓa sayar da takobin gado don kada iskar komawa ta wuce su, ban kuwa tsara haka ba.

Jirgin kansa ka tambayi da me aka yi shi. A da mutanen Maldib da igiyar ɓawon kwakwa suke ɗinke katakon jirgi, ba ƙusa. Buduma na tafkin Chadi kuma a da da ciyawar ruwa suke ɗaure nasu, su yi fiton kanwa, shanunsu na Kuri masu manyan ƙahoni kuma su yi iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Zaɓi abu guda irin wannan ya ishe ka, domin shi zai gaya maka yadda jirgin ke lalacewa da wanda ake nema ya gyara.

Sarauta kuwa kada ka aro ta daga nesa alhali ga ta a gida. Muna da Sarkin Ruwa a Argungu, daular Songhai ma a zamaninta tana da Hi-koi, shugaban jiragenta a kogin Kwara. A Gungu Tara na naɗa Sarkin Jirgi, amma na ɗora Magajiyar Rijiya a kansa, tunda mazan rabin shekara ba sa gari, mata ke riƙe da ruwa da rumbu da shari'a. Aljanun ruwa da dodanni su zo a ƙarshe, kowanne ka ba shi mashigi ɗaya da abin da yake karɓa kafin a wuce.

Sai ka kawo duk wannan kan tabarma yadda hannu zai taɓa. Ni ƙwayar wake nake zubawa a ƙaramin kwanon sha, kowace ƙwaya tulun ruwa guda. Duk wayewar gari a teku na ɗauke ɗaya, mai tuƙa jirgin ya jefa ɗan lido, in ya faɗi ƙasa da 5 iska ta kwanta, an ci kwana a banza. Makon jiya wake uku suka rage, tafiya kuma saura kwana biyar. Shagon ya yi tsit. Ƙanwata ta jawo taswira, ta ɗora yatsa a kan tsibirin da Magajiya ta haramta musu sauka, ta ce a juya akalar jirgi can.