Yadda Ake Karanta Haske Da Duhu A Tsofaffin Hotunan Dare Na Japan

A da, a birnin Edo, wato Tokiyo ta yau, ana sassaƙa zane a jikin allon katako, a shafa launi, a danna takarda a kai. Kowane launi da allonsa. Duhun da sai an yi masa wannan wahala kuwa ba a zuba shi a banza, don haka ka bi hoton a hankali.

Da farko nemo inda hasken ya fito: wata ne, fitilar takarda ce, ko wasan wuta a kan kogin Sumida? Ɗauki hoton mai zane Hiroshige na titin Saruwaka na 1856, layin gidajen wasan kwaikwayo. Wata ya cika, kowane mai wucewa yana jan inuwarsa a ƙasa. Masu zanen Japan ba su saba sa inuwa ba, dabara ce da ta shigo daga Turai, shi ya sa titin ya yi tsit duk da cunkoso.

Sai ka ɗaga ido sama. Shuɗin yana da kauri a can ƙoli, yana sassautowa ƙasa. Mai bugu ne ke jiƙa allon ya goga launin da hannu, saboda haka bugu biyu na hoto ɗaya ba sa zama daidai.

Mataki na uku shi ne ya fi damuna: wa aka haska, wa aka ɓoye? A hotunan Yoshiwara, unguwar karuwai da hukuma ta amince da ita, mata na zaune a jere bayan shingen sanduna, fitilu sun haske musu fuska da tufafi. Mazan na waje cikin duhu, wasu sun rufe fuska da malafa. Hasken nan ba girmamawa ba ne, baje haja ce. Yawancin matan iyayensu matalauta ne suka ba da su tun suna yara saboda bashi. Mai kuɗi na da sutura, wadda aka sayar ba ta da ita. Kada kwalliyar ta ɗauke maka hankali daga sandunan.

Daga nan duba shekara. Hotunan Tokiyo da mai zane Kobayashi Kiyochika ya fara fitarwa a 1876 sun zo bayan an kafa fitilun gas a Ginza a 1874. In ka ga fitilar titi ko jirgin ƙasa, mutane sun koma baƙaƙen siffofi marasa fuska, to ka bar zamanin Edo, ka shiga na sarki Meiji.