Yadda Ake Gano Tarihin Haihuwar Taurari a Ƙananan Galaksi

Ɗalibin fiziks a Jami'ar Ahmadu Bello zai iya wannan aiki daga Samaru, ko da hazon hunturu ya rufe sama, domin hotunan Hubble, na'urar hangen nesa da ke sararin samaniya, suna nan kyauta a MAST, rumbun ajiyarsu na intanet. Sauke hotunan ƙaramin galaksin (tarin taurari) da kake so, na kyamarar ACS ta Hubble, a matatan haske biyu, F475W da F814W. Fayilolin na da nauyi, sai ka tanadi data da wuta.

Auna hasken kowane tauraro da manhajar DOLPHOT, ka zana launi a kwance, haske a tsaye. Taurarin da ke ƙona haidurojin a cibiyarsu za su jeru a babban layi. Manya ne ke fara ƙarar da makamashi su kauce, don haka kwanar da layin ya yi ita ke faɗin shekaru.

Nan ne aikin ke tsayuwa ko ya rushe. Kwanar mafi tsufan taurari, masu shekara biliyan 12 zuwa 13, tana wajen magnitud +4 na haƙiƙa, wato bayan an cire tasirin nisa (magnitud ma'aunin haske ne, yawan lambarsa na nufin dusashewa). A galaksi irin Leo A, mai nisan kusan kilofasek 800 (kilofasek ɗaya kusan shekarun haske 3,260 ne), sai hoton ya kai magnitud 28 zuwa 29 kafin ka gan ta. In bai kai ba, duk abin da ka faɗa kan zamanin farko hasashe ne, domin jajayen manyan taurari masu shekaru daban-daban suna cunkushe wuri guda.

Kada ka tsallake gwajin taurarin bogi. Dasa dubban ɗaruruwa a hoton, kaɗan-kaɗan don kada ka ƙara cunkoso, ka sake aunawa. Waɗanda suka ɓace ko haskensu ya sauya su ne ma'aunin kuskurenka, musamman a tsakiyar galaksin.

Sai ka haɗa zanen kwaikwayo na launi da haske daga samfuran rayuwar taurari na PARSEC ko BaSTI, da rabon nauyi na Kroupa (yawan taurari a kowane nauyi lokacin haihuwa) da kason tagwayen taurari, ka bar manhajar MATCH ta nemo haɗin shekarun da ya fi dacewa da zanenka na gaske. Nisa kuwa, ƙololuwar layin jajayen manyan taurari ke bayarwa, domin an san haskenta na haƙiƙa.

Hattara da tarko ɗaya: tsufa, ƙura da yawan sinadarai masu nauyi duk suna sa tauraro ya yi ja. Saboda haka a maimaita lissafin da samfuri biyu aƙalla, bambancinsu ya shiga cikin kuskuren da za ka rubuta.

Gwada hannunka a kan waɗanda aka riga aka sani. Ƙananan galaksin Cetus da Tucana sun haifi yawancin taurarinsu fiye da shekara biliyan 10 da suka wuce, Leo A kuwa kusan kashi 90 cikin ɗari na taurarinsa an haife su ne cikin shekara biliyan 8 na baya-bayan nan. Idan sakamakonka ya saɓa, fara binciken nisa da gyaran ƙura.