Yadda za ka shiga aikin ba kamfanoni shawara bayan digiri

Ɗan'uwa in kana son aiki a manyan kamfanonin ba da shawara irin su KPMG, PwC ko Deloitte, kar ka jira sai ka gama bautar ƙasa tukuna. Tun kana aji uku a jami'a ka dage da Excel da PowerPoint, don wallahi da su za ka wuni. Ba dole sai ka karanta akanta ba, injiniyoyi ma suna shiga, amma galibi digiri mai matakin 2:1 (second class upper) suke nema.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne intabiyu, za a ce ga wani kamfani ribarsa na raguwa me ka gani, kai kuma kar ka yi saurin amsa, fara tambaya ciniki ne ya ja baya ko kashe kuɗi ne ya ƙaru, ka riƙa lissafi suna ji. Samu aboki ku dinga gwadawa kullum. Kamfanonin nan suna da ofisoshi a Legas da Abuja, ka shirya barin gida.