Yadda ake rubuta bayanin haɗari don manhaja ta mayar da shi hoton 3D mai motsi

Manhajar da ke karanta rahoton haɗarin mota ta zana shi yana motsi ba yau aka fara ta ba. Tun farkon shekarun 2000 Pierre Nugues da abokan aikinsa suka gina wata mai suna CarSim, da farko a kan rahotannin inshora na Faransanci, daga baya a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin. Aikinta hawa uku ne: ta tsamo motoci da abin da ke kan hanya daga cikin rubutu, ta jera abin da ya faru daki-daki, sannan ta ja wa kowace mota layin da za ta bi. Inda rubutu ya bar giɓi, manhaja ba ta tsayawa tambaya, cikewa take da zato. Don haka yawancin aikin yana hannun mai rubutu.

Fara da sunaye. A Hausa mota mace ce, tirela mace, tanka mace. Idan shaida ya ce "ta fito ta buge ta", mai sauraro a wurin ya gane domin yana ganin inda ake nunawa da hannu, amma kwamfuta ba ta ga hannun ba. Galibi sai an juya bayanin zuwa Turanci kafin a ba manhaja, kuma a wurin juyin ne wanda aka buga kan koma wanda ya yi bugu. Maganinsa: ka raɗa wa kowace suna, Mota A, Mota B, Keke C, ka riƙa maimaita sunan a kowace jimla ko da ya gundure ka.

Sai alkibla. "Ya fito daga Kawo zai shiga gari" magana ce cikakkiya ga ɗan Kaduna, amma manhaja ba ta san Kawo ba. Rubuta cewa Mota A ta nufi kudu, a layin dama, kan titi mai hannu biyu da shinge a tsakiya. Ka duba saitin hannun tuƙi tun kafin komai. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma idan manhajar tana kan tsarin Ingila, motocinka za su zagaya shataletalen Mando ta baibai, laifi ya koma kan marar laifi.

Jimla ɗaya, aiki ɗaya, bisa jerin yadda abin ya auku. Kada ka rubuta "ya bugi keken bayan ya kauce wa rami", domin wasu manhajojin kan bi jerin kalmomi su sa bugu kafin kaucewa. Rubuta kaucewar tukuna, sannan bugun, ka faɗi ɓangaren da ya taɓa: gaban Mota A na hagu ya sami bayan Keke C na dama.

Wurin da aka fi yin sakaci shi ne awo. "Da mugun gudu" ba adadi ba ne. Kafin a janye motoci, a sa tef a auna faɗin titi, tsawon sawun birki, da nisan inda kowace mota ta tsaya daga wani abu da ba ya gusawa, kamar turken wuta ko bakin kwalbati. Daga sawun birki ana ƙiyasta gudu: ka ninka 254 da ƙarfin riƙon taya, ka ninka da tsawon sawun a mita, sannan ka ɗauki tushen murabba'in abin da ya fito. A busasshiyar kwalta riƙon kan kai kusan 0.7, saboda haka sawu na mita 20 yana nuna kimanin kilomita 60 a awa, alhali ƙa'idar cikin gari 50 ce. Wannan mafi ƙarancin gudun ne, domin motar da ta yi karo ba birki kaɗai ya tsayar da ita ba. Da damina, ko inda yashi ya kwanta a gefen titi, 0.7 ba zai yi ba, dole a rage shi. Motoci masu birkin ABS, wanda ke hana taya kullewa, kuma sau da yawa ba sa barin sawu sosai.

Ka tuna mota mai gudun 50 tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda. Direban da ya ɗauki daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya taka birki ya riga ya shafe fiye da mita 20. Idan a hoton motar ta kama birki nan take da keke ya ɓullo, hoton ya yi ƙarya.

Wani abin kuma, ba lallai ka sami Keke Napep a rumbun motocin manhaja ba. Kada ka ɗora ƙaramar mota a madadinsa ka wuce. Gyara tsawo, faɗi da nauyi, ka haɗa da nauyin fasinjoji da kaya. Haka tirela: mai lodin siminti daban, fanko daban.

Idan hoton ya fito, kalle shi daga sama tukuna, ka gwada inda motoci suka tsaya da zanen da jami'an kiyaye haɗurra ko 'yan sanda suka yi. In bai dace ba, rubutun za ka koma ka gyara, kada ka ja mota da hannu. Sannan ka kalle shi daga kujerar direba, a nan ake ganin ko motar da aka faka ta tare masa gani.

In harka ce ta kotu, hoton da aka ciro daga rubutu kwatance ne kawai. Lissafin karo na haƙiƙa sai manhaja irin PC-Crash a hannun ƙwararre. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 kuma ya gindaya sharuɗɗa kan duk abin da kwamfuta ta fitar, har da takardar da ke bayyana na'urar da yadda aka samar da shi. Ka adana ainihin bayanin Hausa, fassararsa, da kowane adadi da ka shigar, domin lauyan ɗaya ɓangaren a kansu zai fara tambaya.