In sikanin ya nuna ƙulli mai ruwa a hanta kuma jiki duk ba daɗi, ga abin yi

Toh 'yan uwa na Agege da Idi-Araba da Mile 12, maganar nan ta mutumin da aka yi wa sikanin aka ce masa akwai wani ƙulli mai ruwa a hantarsa ce. Abu na farko kar hankali ya tashi, yawancin irin wannan ƙullin ba ya komai, mutum zai tsufa da abinsa bai sani ba, an ma fi ganinsa a jikin mata da suka wuce shekara 40. Amma fa shi wannan na lafiya ba ya kawo zazzaɓi ko rama ko gumin dare ko shawara. In akwai waɗannan to wani abu ne daban, kar ka yarda a sallame ka da maganin taifot kawai.

Ka fara da tuna tarihinka tun kafin ka shiga wajen likita. Ka yi atini ko gudawa mai jini a watannin baya? Akwai ƙwayar amiba da ake sha a ruwa ko abinci mara tsafta, daga hanji ta haura hanta ta tara mugunya, a sikanin sai ta yi kama da ƙulli. Zazzaɓi da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wani lokaci har kafaɗar dama, kuma maza ta fi kamawa. Flagyl na maganinta amma likita ne zai rubuta adadi, kuma akwai magani na biyu na kashe wadda ta rage a hanji. Masu ciwon suga su kuma ƙurjin bakteriya a hanta ya fi damunsu, da rawar sanyi sosai, shi sau da yawa sai an zuƙe mugunyar.

Wanda na fi so mahautanmu na Oko-Oba da masu sayar da tumaki su ji shi ne na tsutsar kare. Kare ya ci kayan cikin tunkiya ko saniya mai cutar, ƙwan tsutsar ya fito a kashinsa, ya taɓa hannu ko ganye ko ruwa, mutum ya haɗiye, sai ta je hanta ta yi jaka mai ruwa tana girma a hankali shekara da shekaru. Ba cin naman ke sa wa mutum ita ba, kashin karen ne. Wannan jakar wallahi kar ka bari kowa ya soka mata allura haka kawai, in ta fashe jiki na iya yin borin jini da ƙaiƙayi numfashi ya sarƙe nan take. Ka faɗa wa likita sana'arka da bakinka, don ba kowane likitan Legas ne zai kawo ta a ransa ba.

Sai ka tambayi gida, akwai masu ciwon ƙoda ko hawan jini tun suna matasa? Ƙulli da yawa a hanta da ƙoda na iya zama gado. In kuma rama ce ta yi yawa ga rashin cin abinci ga ciki na kumbura, dole a duba ciwon daji wato kansa, musamman mai ciwon hanta nau'in B, a duba tarin fuka da HIV ma.

Ka ɗauki takardar sikanin ɗin ka je babban asibiti, LUTH na nan Idi-Araba ko LASUTH a Ikeja, ka nemi ganin likitan hanta. Za a yi gwajin jini na aikin hanta da ƙoda da suga da ciwon hanta B da C, ƙila a ƙara da hoton CT, wato wani sikanin mai nuna ciki dalla-dalla. Kafin nan ka ajiye agbo da jiƙe-jiƙen masu lasifika, Panadol ma kar ka wuce ƙa'ida. In ido ya yi rawaya ga zazzaɓi mai zafi, ko ciwon ciki ya taso farat ɗaya, ko mara lafiya ya fara ruɗewa, a wuce imajensi a daren, go-sulo ko babu go-sulo.